FILIN MASU SANA'A: Kada A Sauya Kwalba Ɗaya A Bar 'Yar'uwarta

Wani makaɗin jita ya aiko mini da wasiƙa yana kuka. Ya ce kwalba ɗaya ta mutu a amfilifayarsa, ya sayo sabuwa ya sa, ba a yi mako biyu ba sai ga ƙugi a lasifika, sabuwar kuma ta yi ja wur kamar garwashi. Yana tambaya ko jabu aka sayar masa.

To, Malam, ba lalle ba ne. Kwalbar nan ta gilashi da aka zuƙe wa iska, irin ta akwatunan rediyon dā kafin zuwan taransista, makaɗan jita sun ƙi rabuwa da ita saboda zaƙin muryarta. Manyan na ƙarshe, masu tura sauti ga lasifika, galibi bibbiyu suke aiki, kowace ta ɗauki rabin sautin. Tamkar shanun huɗa ne, in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sai kunya ta karkace. Kwalabe biyu masu lamba ɗaya, daga masana'anta ɗaya, suna iya bambanta wajen yawan wutar da suke ja. Wadda ta fi ja ita ke gasuwa, idan kuwa ta ƙone tana iya tafiya da taransifoma, wanda ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Don haka ne dillalai ke auna su su haɗa waɗanda suka yi daidai, biyu ko huɗu. Irinsu za ka nema, ka sauya duka gaba ɗaya.

Bayan nan sai gwani ya daidaita wutar da suke ja lokacin da ba a kiɗa. Masu gyara kan tsaya wajen kashi 70 cikin 100 na iyakar kwalbar. EL34 iyakarta wat 25 ce, watau a kan bolt 450 kimanin miliamfa 39 ke nan kowace. Vox AC30 mai EL84 guda huɗu shi ke daidaita kansa.

Batun zaɓi kuwa, bi lambar da maƙerin ya rubuta. Manyan Fender na Amurka 6L6 suke ci, wadda RCA ya fito da ita a 1936, Marshall na Ingila kuwa ya yi suna da EL34. Ramin zamansu iri ɗaya ne, amma zaren ɗumama EL34 na jan amfa 1.5, na 6L6 kuwa 0.9, saboda haka shiga rami ba dacewa ba ce. Kada kuma suna ya ruɗe ka: sababbin da aka buga wa Mullard ko Tung-Sol a Saratov ta Rasha aka ƙera su. Ni dai na fi son biyu masu araha da aka auna bisa ga mai suna guda ɗaya.

Amma kada ka sa hannu cikin akwatin da kanka. Kondensa kan riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare waya, kuma wannan ya isa kisa.