Gas ɗin AC ba ya ƙarewa, yoyo yake yi

Sau uku na sayi gas a AC ɗin ɗakin mahaifiyata cikin wata 14. Duk zuwan mai gyara magana ɗaya ce: "Yallaɓai, gas ne ya ƙare." In biya, ya ɗura, ɗaki ya yi sanyi wata uku ko huɗu, sai Hajiya ta koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida da mafici a hannu, ga shekaru, ga hawan jini.

A karo na huɗu wani dattijo na kira. Bai taɓa tukunyar gas ba. Ruwan sabulu ya nema, ya shafa kumfa a mahaɗar bututun jan ƙarfe da ke jikin injin waje, muna tsaye kumfa ta riƙa kumbura tana fashewa. Nan ne ɓarakar take. Ya yanke bakin bututun, ya sake buɗa shi, ya ɗaure, ya zuƙe iskar da ta shiga, sannan ya ɗura gas. Har yau ba a ƙara ɗigo ɗaya ba.

Abin da nake so kowane mai gida ya sani ke nan. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da inji ke ƙonawa. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, ya ɗebo zafin ɗaki ya kai waje ya zubar, ya dawo. In ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya, kuma duk wanda ya ɗura maka sabo bai nemi wurin ba, ruwa ya zuba maka a kwando. Ban ce duk masu gyara macuta ba ne. Da yawa haka suka koya a wurin iyayen gidansu, mu kuma masu gida mu ne ke matsa musu da "a dai yi sanyi yau". Amma asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Tsofaffin injuna 'yan gwanjo da suka cika kasuwanninmu galibi da gas ɗin R22 suke aiki, wanda duniya ta amince a daina shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana cin rufin ozon na sararin sama. Yana ƙaranci, yana tsada, mu kuma muna sakin sa a iska.

Bayan gas, lissafin kuɗin wuta ma ya sauya tun watan Afrilun 2024. A makon da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai maki 48.5 na zafi, muna cikin azumi, hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. AC mai hos ɗaya da rabi, in ba inbata ba ne, yakan ja fiye da kilowat ɗaya. Ka bar shi awa takwas injin bai huta ba, ka doshi yunit goma. A wancan farashi kusan naira 2,000 ke nan a dare ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Me ke hana injin hutawa? Ƙura ce kan gaba. Hunturu ya wuce ya bar ragar AC a toshe kamar an yaɓa mata laka, iska ba ta ratsawa, injin na ta gurnani a banza. Ragar nan da hannu ake zare ta, a wanke da ruwa, a shanya, kuma yaro ɗan sakandare zai iya. Sai rimot da muke kafewa a 16. Hakan ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfiresa tsayawa kawai yake yi. A 25 da fanka tana juyawa, barci lafiya lau.

Amma inda na fi jin ciwo shi ne ginin kansa. Shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ka ji yadda sanyi ke tarbarka ba tare da wayar wuta ba. Katangar tubali mai kauri takan riƙe zafin rana, ba ta sake shi sai dare ya yi. Rufin azara da ƙasa ya tare na sama. Tagogi ƙanana ne. Da hunturu kuma ginin nan ne ke riƙe ɗumi. Muka bar wannan muka koma bulo mai rami, kwano baƙi ko ruwan ƙasa saboda ado, silin siriri, da faffaɗar tagar gilashi tana kallon yamma. Mun gina tanda da kuɗinmu, sannan muna neman inji ya mai da ita randa. Ba cewa nake a rushe gidaje a koma soro ba. Cewa nake magina da masu zanen gida su daina yi mana gini kamar ba su san Sakkwato da Maiduguri ba, mai gida kuma ya tambayi launin kwano da abin da za a shimfiɗa a kan silin kafin ya tambayi hos nawa zai saya.

A ɗakin Hajiya, bayan gyaran dattijon nan, abu uku muka yi. Mun shimfiɗa soson tare zafi a kan silin, mun toshe ƙasan ƙofa, mun yi wa tagar yamma rumfa da zana. Injin waje ma mun ɗaga shi daga lungun da iska ba ta shiga. Yanzu cikin dare ina jin kwamfiresa ta tsaya ta huta, katin wutar da a da ba ya kai mako biyu yana haura uku. Ɗan dogon yaron da ƙanena ya dasa a bayan tagar ya kusa kai tsayin katanga.