Kada A Sayi Tsohon Jirgin Su Yana Cikin Ruwa

Tun da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana haya da babur a ƙananan hukumomi shida cikin watan Yuni na 2022, samarinmu da yawa suka shiga neman wata hanyar cin abinci. Waɗansu sun koma gida, waɗansu sun kama gadi ko dako, waɗansu kuwa, musamman 'ya'yan Sarkawa da Kabawa na ƙasar Yawuri da Argungu, sai suka tuna da sana'ar iyayensu. Suka dubi ruwan nan da ya miƙe tun daga Badagiri har Epe, suka ce ai ga abinci. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin yadda ake sayen jirgin.

Sabon jirgi da sabon inji sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari, saboda haka tsoho ake nema. Wani yaron garinmu ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin adashi, dillali ya kai shi bakin ruwa wajen Ikorodu, ya nuna masa jirgin katako yana lilo a kan ruwa, an shafe shi da sabon fenti. Aka ta da inji, aka zaga da shi sau ɗaya, ya ƙirga kuɗi ya biya. Wata bai cika ba, sai ga shi ya fi ɓata lokaci wajen kwarfe ruwa da jefa birgi. Da aka jawo jirgin tudu, kafinta ya sa tsinin wuƙa a katakon gindi, sai wuƙa ta shige kamar an soka ta cikin gurasa.

To, jama'a, ga inda gizo yake saƙa. Mu mutanen Arewa ruwan daɗi muka sani, na Kwara da Gulbin Kabi da Tafkin Kainji. Ruwan Ikko kuwa haɗe yake da teku, da rani gishirinsa ya ƙaru, da damina ya ragu. A cikin ruwa mai gishiri akwai wata tsutsa mai cin katako wadda ba mu da ita a gida. Tana shiga tun tana ƙarama ta wata ƙofa kamar bakin allura, sa'an nan ta yi ta rarake cikin katakon tana girma, waje kuwa sumul. Gishirin kuma yana cinye ƙusoshi, har katako ya saki ɗan'uwansa. Mutumin da ubansa ya yi shekaru da jirgi guda a Yawuri sai ya zaci haka abin yake a nan. Ba haka ba ne.

Don haka shawarata ta fari, wadda in an bi ta an kauce wa rabin asara, ita ce kada a yi ciniki sai an jawo jirgin tudu an kifa shi. Sayensa yana cikin ruwa cinikin biri a sama ne. In mai jirgi ya ƙi yarda a fito da shi, ka yi masa sallama ka kama hanya. In an kifa, sai ka bi katakon ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi kamar fasasshiyar ƙwarya. Ka dubi katakon baya inda ake ɗaura inji, domin nan ne ya fi shan wahala. Ka dubi kan ƙusoshi ko sun zubar da jan tsatsa. Ka tambayi irin itacen, gama iroko da maɗaci sun fi farin katako mara nauyi jure ruwa nesa ba kusa ba. Sabon fenti a jikin tsohon jirgi kuwa ni tsoro yake ba ni, ba sha'awa ba. Kuma kada girman kai ya hana ka biyan kafintan jirgi daga cikin Egun ko Ilaje ya duba maka. Su ne 'yan gida a wannan ruwa, ladan da za ka ba shi bai kai kuɗin katako ɗaya ba.

Sai maganar inji, wanda sau da yawa ya fi jirgin kansa tsada. Ka je da sassafe a ta da shi a gabanka yana da sanyi, kada ka yarda da wanda aka ɗumama kafin ka iso. Ka lura ko yana fitar da siririn ruwan nan ta baya, alamar yana sanyaya kansa ke nan. A kwance maka man giya na ƙasa wajen farfela. In ka gan shi fari kamar nono, ruwa ya shiga, gyara na jiranka. Sa'an nan rasit. Satar injin jirgi ba baƙon abu ba ce a bakin ruwa, kuma baƙo shi ne mai saukin kamawa. Lambar da ke jikin inji ta dace da ta takarda, a rubuta ciniki, a sa shaidu daga ɓangarenka da na mai sayarwa.

Bayan saye sai riƙo. Ƙananan injunan Yamaha da aka fi gani a nan ana gauraya musu mai cikin fetur, galibi kashi 1 cikin 50, kuma mai ƙwauron wannan mai shi ne zai sayi sabon inji. A riƙa wanke injin da ruwan daɗi bayan aiki. A riƙa jawo jirgi tudu lokaci lokaci a kankare shi, ya sha rana, a cusa auduga a tsagogi a bi da kwalta, domin tsutsar nan ba ta jure bushewa. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ta Badagiri daga ƙasar Binin a 1984 ita ma takan naɗe farfela ta toshe hanyar ruwan inji. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kowace fita sai an yi lissafi, har ma nakan ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya fara da filafili kusa da gaɓa, inji ya biyo baya.

Wani zai ce ai asarar kuɗi ce kawai. A'a. Ba mu manta da jirgin da ya tsage a Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, inda aka rasa mutane masu yawan gaske, hukuma kuma ta ce jirgin tsoho ne, an yi masa lodi fiye da kima. Na fasinja ne, gaskiya, amma ruɓaɓɓen katako bai san masunci da fasinja ba. Rigar ruwa ta shiga cikin kuɗin jirgi tun farko, ko da ka iya iyo kamar kifi.

Ina roƙon Sarakunan Hausawa na Ikorodu da Epe da Badagiri su naɗa dattijo guda daga cikin masuntanmu, kamar Sarkin Ruwa na gida, wanda duk mai son sayen jirgi zai fara zuwa wurinsa, shi kuma ya haɗa shi da kafinta da bakanike amintattu, ya kuma gabatar da shi ga shugabannin masunta na wurin kafin ya jefa koma a ruwansu. Yaron garinmu dai yanzu yana aiki a jirgin wani, ana raba kamu, injinsa na jingine a ɗaki yana jiran ya tara kuɗin katako.