Ƙugin mota gargaɗi ne

Daga Illela zuwa Badagishiri, a kama kwalta zuwa Tawa ko Ƙonni, motoci irin su Hilux ne ke jigilar hatsi, albasa da ƴan kasuwa. Sau da yawa ƙugi kan taso daga ƙarƙashinsu, sai direba ya ƙara muryar rediyo. Wannan ganganci ne.

Ƙugin da ke ƙaruwa da gudu, bai kuwa daina ba ko an cire giya, ba na inji ba ne. In yana sauyawa tsakanin kwalta da burji, a duba taya. In ya tsananta sa'ad da aka karya kwana, rulma ce, wadda makanikan Najeriya ke kira boris. In kuwa yana bin taka totur da sakinsa, a duba man aksul na baya.

Makanike zai ɗaga motar da jak, ya juya ƙafar, ya girgiza ta. In tana wasa, canji ya wajaba. Lodi fiye da kima da ruwan ƙoramu na damina, mai wanke giris, su ke kashe rulma. Wadda aka ƙyale takan yi zafi ta kafe, har ƙafa ta fice ana cikin gudu, ga mutane zaune bisa buhuna.