Mun Yaye Masu Jan Baki, Ina Masu Tafsiri?

Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsirin azumi ya san mutum biyu ake zaunarwa: alaramma mai jan baki, da malamin da ke warware ma'ana. Ba a taɓa tashi da jan baki kaɗai ba. To, don me a firamarenmu muka yarda da jan baki zalla, har muke kiransa karatu?

Ku leƙa aji huɗu ku gani. Malam ya karanta, yara su amsa da ƙarfi har kwano ya ɗauka. In an zo auna fahimta sai a ce, "Wa ya tafi kasuwa?" Yaro ya bi layi da yatsa, ya kwafo suna, a ba shi maki. Tambaye shi abin da ya kai mutumin kasuwar, sai ya yi tsuru-tsuru.

Wasu za su ce laifin Turanci ne. Da gaskiyarsu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna amfanin haka da Yarabanci. Amma ni na ga yaron da ya karance shafin Hausa tiryan-tiryan, ya kasa gaya mini abin da ya faru a ciki. Ashe fahimta ba daga sama take faɗowa ba, koyar da ita ake yi.

Kuma ba ta cin ko kwabo. Ɗauki Magana Jari Ce. Kafin a fara labari, a karanta kansa, yara su cinki abin da zai faru. A tsakiya a dakata a tambaya: me ya sa aku ke ta jan Musa da labari, ba ya so ya fita? In an ci karo da baƙuwar kalma, a nemi ma'anarta daga maƙwabtanta. A ƙarshe a rufe littafi, kowa ya maido da labarin da bakinsa. Abin kunya ne a ce akun Abubakar Imam ya san inda maganarsa ta dosa, 'ya'yanmu ba su sani ba.

Mu marubuta kada mu zame, laifi tudu ne. Imam don 'yan makaranta ya rubuta littafin nan da ya fito a 1937. Mu fa? Mun cika kasuwa da soyayya, amma mu nawa ne suka rubuta wa ɗan shekara tara labarin da zai sa shi tunani? Yaron da bai ɗanɗani ma'ana a aji huɗu ba, ba zai sayi littafinka yana ɗan ashirin ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa mu gane.