Yukren: Shin matan da yaƙi ya shigar ramukan kwal za su riƙe aikinsu bayan an ajiye makamai?

Tun bayan da Rasha ta ƙaddamar da mamaya a kan Yukren a watan Fabrairun 2022, dubun dubatar maza suka bar wuraren aikinsu zuwa fagen daga, kuma mata ne ke cike giɓin da suka bari. A yankin Dnipropetrovsk, ɗaruruwan mata na sauka ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar kwal, aikin da doka ta haramta musu tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Wasu kuma sun kama tuƙin bas da manyan motocin dakon kaya.

Sai dai dokar da ta ba su wannan dama a 2022 ta wucin gadi ce, domin tana aiki ne kawai muddin ƙasar na ƙarƙashin dokar soja ta lokacin yaƙi. Wannan ne ya sa makomar matan ke cikin rashin tabbas.

Abin da ya faru a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu na iya haska abin da ke tafe. A 1940 matan da ke aikin albashi a ƙasar sun kai kimanin miliyan 12, amma zuwa 1945 adadin ya kusa miliyan 19. Sun ƙera jiragen sama da na ruwa da harsasai, kuma gwamnati ta zuba kuɗi a gidajen renon yara domin iyaye mata su samu sukunin fita aiki.

Da yaƙin ya ƙare, sai al'amura suka juya. Masana'antun makamai suka rage ma'aikata, aka mayar wa sojojin da suka dawo gurabensu, sannan a 1946 gwamnatin tarayya ta janye tallafin gidajen renon. Masaniyar tattalin arziki Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2023, ta gano cewa fiye da rabin matan da suka shiga aiki a lokacin yaƙin sun bar shi kafin 1950. Waɗanda suka ci gaba kuwa, da dama sun koma aikin ofis da na kantuna, inda albashi bai kai na masana'anta ba. Dokar daidaita albashin mace da namiji ba ta samu ba sai a 1963.

Halin Yukren ya ɗan bambanta. Miliyoyin 'yan ƙasar na gudun hijira a Turai, ga ɗimbin sojojin da suka mutu ko suka nakasa, don haka ƙarancin ma'aikata zai daɗe bayan yaƙin. Hakan na iya tilasta wa kamfanoni riƙe matan.

Amma buƙatar kamfanoni kaɗai ba ta isa ba. Idan majalisar dokokin ƙasar ba ta mayar da damar ta dindindin ba, kuma ba a tanadi inda za a bar yara ba, ranar da aka ɗage dokar soja matan da suka riƙe mahaƙar a lokacin tsanani za su iya wayar gari doka ta sake hana su sauka ramin.