Littafi da faranti: wa ke biyan kuɗin?

Tun da muka yi maganar ƴan uwan nan na Maraɗi da ke haɗuwa a gidan abinci sau ɗaya a wata don tattauna littafi, saƙonni ba su tsaya ba. Wasu na cewa cin kaza ne kawai aka rataya wa littafi. To, mun je mun zauna da su, kuma ba mu yarda da wannan ba'ar ba.

Ran da muka je, Sarraounia na Abdoulaye Mamani ne a tebur, wanda ya fito a 1980. Mutum tara, littafi biyu, sai da aka yi wata ana karɓa-karɓa. Yawancinmu tun lise ba mu sake buɗe shi ba, can ma don jarrabawa ne. Amma da aka zo kan yaƙin Lugu na 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa garin, sai wani ɗan Dogon Dutsi ya ajiye cokali ya ce ba haka kakarsa ta ba shi labari ba. Aka yi ta gardama kan inda tarihi ya tsaya, inda marubuci ya ƙara gishiri, har shinkafa ta huce. Yaushe rabon da mu ji maza sun ɗaga murya a kan abin da ba ƙwallo ba, ba siyasa ba?

Abin da ya dame mu daban ne. Da aka kawo lissafi, kowa ya ajiye jikka uku. Malamin makaranta ɗan kwantaragi, wanda ya fi kowa sanin littafin, mun ga yadda ya daɗe yana laluben aljihu. An ce mana wata biyu kafin nan bai zo ba, wai "aiki ya yi yawa". Kowa ya san ba aiki ba ne.

Ga fada nan a kowace unguwa: tabarma, buta, gawayi, shayi har zagaye uku. Mu a ganinmu, a riƙa yin zama biyu a fada, na uku a gidan abinci, kuɗin da ya ragu a sayi littafi. Jikka 27 aka bari kan tebur a daren nan, alhali mutum bakwai sun koma gida ba su da nasu kwafin.

Sun ce wata mai zuwa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam za su ɗauka, da Hausa. Malamin ne ya kawo shawarar. Muna fatan za mu tarar da shi a wurin.