Motar Lantarki: Ƙaramin Murfi da Tayoyi Huɗu Sun Isa Su Auna Shirinmu

A cikin hunturun da ya wuce, wani aminina likita ya buga mini waya da sanyin safiya, muryarsa cike da takaici. Motar lantarkin da ya saya bai fi wata biyar ba ta ƙi buɗe murfin da ke rufe ramin da ake soka wayar caji, alhali cajin da ya rage mata bai wuce na zagayen cikin gari ba, ga shi ana jiransa a asibiti. Da na isa gidan na tarar da wani bakanike riƙe da sukudireba, yana shirin ɓanɓare murfin da ƙarfi kamar mai buɗe gwangwanin madara. Da ƙyar muka lallashe shi ya dakata, muka ɗauko littafin motar muka shiga karatu. Bayan kusan sa'a guda ta bayyana cewa ƙura ce ta cushe ƙaramin makullin murfin, sannan ƙaramin batirin da ke ba makullin wuta ya yi sanyi. Tun daga ranar nake ta juya al'amarin a raina, domin na ga cewa abin da ya faru a ƙofar gidan nan ya shafi ƙasa baki ɗaya.

Babu mai musun cewa motar lantarki ta shigo Nijeriya. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar da ke kula da ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a ƙarshen 2023 kuma gwamnatin Jihar Borno ta fito da motocin haya masu amfani da gas da lantarki a Maiduguri. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya sa farashin lita ya haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma zarce naira 1,000 a 2024, shi ya sa ma'aikata da dama suka fara lissafin rabuwa da gidan mai. Lissafin yana da ma'ana. Inda nake da ja shi ne yadda muke maganar farashin mota da na caji kaɗai, muna mantawa da ƙananan abubuwan da ke iya ajiye mota a gida ko su jefa ta cikin rami.

Bari in fara da murfin. A yawancin waɗannan motoci wata 'yar na'ura ce mai aiki da lantarki ke kulle shi tana buɗe shi, kuma a haɗe take da makullin ƙofofin motar. Saboda haka abu na farko da mai mota zai duba shi ne ko motar a kulle take. Sau da yawa idan ya kulle ya sake buɗewa da makulli sau biyu ko uku, sannan ya danna gefen murfin da tafin hannu a hankali, sai ya saki. Idan bai saki ba, sai a duba ƙaramin batiri mai ƙarfin bolt 12, irin wanda ke cikin kowace mota. Mutane da yawa ba su san motar lantarki tana da shi ba, alhali shi ke tayar da kwamfutar motar da makullai da fitilu, kuma idan ya mutu babban batirin ba zai yi amfani ba ko da a cike yake. Wasu motocin suna da 'yar igiyar gaggawa a ɓoye, a cikin but ko a ƙarƙashin bonet, wadda ake ja domin sakin makullin, musamman idan wayar cajin ce ta maƙale a ciki. Littafin motar ne zai faɗi inda take.

A ƙasashen da ake ƙera motocin, ƙanƙara ce ke daskarar da murfin, kuma shawarwarin da aka fi yaɗawa duk a kanta suke. Mu namu ciwon ƙura ce. Don haka maganinmu shi ne a riƙa goge bakin murfin da busasshen tsumma ko buroshi mai laushi, a fesa ɗan man silikon a kan makullin da maƙalarsa kaɗai, a guji giris da baƙin mai domin su ne ke kama ƙura su zama taɓo. A kuma gargaɗi masu wankin mota kada su saita ruwan matsi cikin ramin. Ɓanɓarewa da ƙarfe kuwa ganganci ne: murfin roba ne mai saurin tsagewa, kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje, kuma wayoyin da ke bayansa, masu launin ruwan lemo, suna kaiwa ga batirin da ƙarfinsa ya kai bolt 400, a wasu motocin ma 800. Wannan wuta ce da ba ta ba mutum damar yin kuskure sau biyu.

Batun taya ya fi wannan nauyi, domin shi rai yake ci. Motar lantarki ta fi takwararta mai fetur nauyi da ɗaruruwan kilo saboda batiri, kuma injinta yana sakin dukkan ƙarfinsa nan take da zarar an taka totur, ba tare da jiran canjin giya ba. Nauyi da fizga, su biyun, suna goge taya da sauri fiye da yadda direbanmu ya saba. A ƙara da zafin kwalta a watannin Maris da Afrilu da ramukan da ke karkatar da saitin ƙafafu, sai a ga cewa kuɗin da aka tsira da shi daga gidan mai yana iya zurarewa a shagon mai taya. Aminin nawa da kansa ya tarar da gefen ciki na tayoyinsa na gaba ya cinye, alhali daga waje sumul suke.

Hanyoyin kariya sanannu ne, sai dai suna buƙatar ɗa'a. A auna iska da ma'auni tun taya tana sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, domin motocin lantarki da dama suna son iska fiye da ta motocin da mai faci ya saba da su, kuma bugun taya da hannu ko da ƙafa ba awo ba ne. A riƙa sauya wa tayoyi wuri bayan kowace tafiyar kilomita 10,000 ko kusa da haka, a duba saitin ƙafafu duk lokacin da aka faɗa mugun rami. Idan zurfin zanen taya ya sauka zuwa milimita 1.6, ta gama aiki. Wajen sayen sabuwa a duba lambar nauyin da za ta iya ɗauka, a nemi mai alamar XL ko HL idan haka kamfanin ya tsara, a kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Ɗora tayar gwanjo a ƙarƙashin mota mai nauyin kusan tan biyu, a hau hanyar Kaduna zuwa Kano da tsakar rana, sayen tsautsayi ne da kuɗin aljihu, ballantana da yake da yawa daga cikin motocin ba sa zuwa da safaya.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe take sa ni damuwa. Bakaniken Bahaushe ya mallaki injin fetur ne da kunne da baki: yana jin ƙara ya gane ciwo, kuma ya sanya wa kowane ƙarfe suna, daga fulogi zuwa kafireto, daga salansa zuwa lagireto, da waɗannan sunaye yake koyar da yaran gareji. Motar lantarki ba ta da ƙarar da za a saurara. Da rubutu take magana a kan allo, cikin Turanci, wani lokaci ma cikin Sinanci. Wanda ba a ba shi kalmomin abu ba, da guduma zai tunkare shi. Ban ga laifin bakaniken da na tarar da sukudireba a hannu ba, domin abin da ya sani ya kawo. Laifin yana kan tsarin da ya shigo da motar bai shigo da iliminta ba, kamar yadda muka sha gani da taraktocin da suka yi tsatsa a harabar ma'aikatun gona saboda rashin ƙaramin ƙarfe ɗaya.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da su wajabta wa duk mai shigo da motar lantarki ya tanadi kayan gyara da tayoyin da suka dace da ita, tare da littafin jagora cikin harshen da mai saye zai iya karantawa. Kwalejojin kimiyya da fasaha su haɗa kai da ƙungiyoyin kanikawa da masu faci wajen shirya gajerun kwasa-kwasai cikin Hausa, mu kuma malaman harshe mu zauna da masu sana'ar mu daidaita kalmomi kafin kowane gareji ya ƙirƙiro nasa. Hukumar kiyaye haɗurra ta sanya nauyin waɗannan motoci cikin wayar da kan da take yi game da taya.

Mai niyyar saye kuma ya tambayi dillali abu uku kafin ya biya: ina igiyar gaggawa take, nawa ne kuɗin taya ɗaya, kuma wane bakanike ne a garin nan ya san motar? Idan dillalin ya fara inda-inda, gara a riƙe kuɗin. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan sha'ani rigakafin bai wuce tsumma da ma'aunin iska da karanta littafin mota ba. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu.